Gidan Sarauta Ya Daɗe, Gidan Attajiri Ya Watse: Ina Sirrin Yake?

Duk wanda ya san Gusau ya san abubuwa biyu, ko da bai taɓa jera su ya dube su tare ba. Na farko shi ne daɗewar gidan sarauta. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, a zamanin da garin 'Yandoto ya faɗa hannun masu jihadi. An haura shekara 200, har yau jininsa ne ke riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Rawanin ya taɓa barin gidan, domin a zamanin Turawa an ɗauke shi, aka daɗe ana naɗa wa garin hakimai daga wajen zuriyar. Duk da haka ya komo a 1984 da naɗin Alhaji Muhammadu Kabir Ɗanbaba. Alhaji Ibrahim Bello ya gaje shi a 2015, da ya rasu a 2025 aka naɗa ɗansa Abdulƙadir. Idan ka nufi Tsafe, ga sarkinta, 'Yandoton Tsafe, a fadarsa. Idan ka nufi Bungudu, ga Sarkin Fulani a tasa.

Na biyu shi ne gajeren kwanan gidan attajiri. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shi ya mai da Gusau cibiyar auduga da gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, Kwarori suka zo, kamfanin BCGA ya kafa gidan gurzar auduga. A inuwar wannan ciniki mutanen gari suka yi arziki na gaske: masu awo a fuloti, dillalai, masu motocin dako, masu sito cike da buhuna. Ka tambayi dattawan Kanwuri ko Tudun Wada ko Sabon Gari, za su lissafa maka gidajen da a da ake dafa tuwo da babbar tukunya, barori na shiga suna fita. Ka ce su kai ka, galibi abin da za ka tarar shi ne zaure ɗaya da suna, an yanka gidan sassa-sassa, an sayar da wani, an ba da hayar wani. Jikokin kuwa, wannan tela ne, wancan malamin firamare, wani yana kabu-kabu. 'Yan kaɗan ne suka riƙe matsayin kakansu.

Mutanen nan addininsu ɗaya, garinsu ɗaya, alƙalin da ke raba musu gado ɗaya. Dukansu masu mata ne da tarin 'ya'ya. To me ya sa ɗaya ya shekara 200 a tsaye, ɗayan kuma bai cika kai jika ba?

Zargi na farko: 'ya'yan banza

Amsar da ta fi saurin zuwa baki a majalisa ita ce 'ya'yan ne ba su da kirki. Uba ya tara da gumi, su suka watsar a motoci da bukukuwa. Akwai gaskiya a ciki, kowa ya san gidan da almubazzaranci ya cinye. Amma wannan amsa ba ta ɗauki nauyin tambayar ba. Akwai gidaje da yawa da 'ya'yansu suka tashi masu kamun kai, masu salla, masu neman na kansu, kuma duk da haka babu ɗayansu da ya kai rabin ubansa. Haka nan babu mai cewa 'ya'yan sarakuna sun fi 'ya'yan attajirai tsimi da tanadi. Abin da ke faruwa a gidan nagari da gidan ɓatattu baki ɗaya, ba halin 'ya'ya ne tushensa ba.

Zargi na biyu: kasuwa ce ta mutu

Wannan ya fi na farko ƙarfi. Farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman gyaɗa a Arewa. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙar Gusau ta durƙushe, jirgin ƙasa ya daina zuwa. Attajirin da dukiyarsa ke rataye da auduga dole ya ji jiki.

Sai dai akwai shaidar da ta riga duk waɗannan masifu. A 1967, lokacin da gyaɗa ke tashenta, wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bi gidajen manoma ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da littafinta a 1972. Ƙasar Gusau da Tsafe tsohuwar Katsinar Laka ce, al'adar noma da gado ba ta yi nisa da ta can ba. Abin da ta gani shi ne manomi mai hali ya fi yawan mata, kuma 'ya'yansa maza sun fi daɗewa tare da shi a gandu ko bayan sun yi aure. Amma da zarar ya rasu, gandun ba ya daɗewa yake fashewa, kuma zama ɗan mai arziki ba ya lamunce wa mutum arziki. Ke nan gidajen masu hali suna watsewa tun kasuwa na da rai. Mutuwar kasuwa ta ƙara wa abin sauri ne kawai.

Zargi na uku: yawan 'ya'ya

Shaidar Batagarawa ta nuna mana inda za mu duba, wato ranar mutuwar maigida da yawan waɗanda ya bari. Sai mutum ya ce shi ke nan, yawan haihuwa ne. Amma da yawan 'ya'ya kaɗai ke rusa gida, da fada ce za ta fara rushewa. Kafin Turawa su hana bauta, abin da bai kammala a doka ba sai 1936, basarake yana da mata huɗu, ga kuma sa-ɗaka gwargwadon ƙarfinsa. A shari'a ɗan sa-ɗaka ɗa ne cikakke, rabonsa daidai da na ɗan matar aure, kuma sarakuna da dama a daular Sakkwato ta wannan hanya aka haife su. Da wuya attajiri ya kai fada yawan zuriya. Saboda haka yawan 'ya'ya yana cikin amsar, amma da sauran abin da ya ɓace mana.

A zauna a yi lissafi

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi kamar yadda alƙali zai bi. Wani attajirin manomi a ƙasar Bungudu ya rasu. An yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage gona ce eka 320. Iyayensa sun riga shi, ya bar mata 4, 'ya'ya maza 10, mata 8.

Bisa hukuncin da ke cikin Suratun Nisa'i, matan aure suna da tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, wato eka 40, kowace ta ɗauki 10. Saura 280. Namiji yana da rabon mace biyu, don haka maza 10 sun zama kaso 20, a haɗa da mata 8, kaso 28 ke nan, kowane kaso eka 10. Kowane ɗa namiji ya tashi da eka 20, kowace 'ya da eka 10. Babu wanda aka zalunta, babu wanda ya yi almubazzaranci, amma a yini ɗaya mai eka 320 ya zama mutum goma masu eka ashirin-ashirin.

Mu bi ɗaya daga cikinsu. Ya riƙe ekarsa 20, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 5, mata 4. Tumunin takaba eka biyu da rabi. Saura 17 da rabi, a raba kaso 14, kowane kaso eka ɗaya da kwata. Jikan attajiri namiji ya samu eka biyu da rabi. Mutuwa biyu kacal ta mai da 320 zuwa biyu da rabi, kashi ɗaya cikin 128 na abin da kakan ya mallaka.

Asarar ma ta wuce abin da lissafi ya nuna. Eka 320 a hannu ɗaya tana ɗaukar barori da shanun huɗa da bashin kaka, tana sa kamfani ya amince ya ba ka kuɗin awo. Eka 20 ba ta yin wannan. Motar dako ba ta rabuwa goma sai an sayar da ita. Amanar da ke tsakanin maigida da abokan cinikinsa kuwa, tare da shi ake binne ta. Ga kuma 'yan'ubanci: 'ya'yan ɗakuna huɗu da wuya su yarda ɗan ɗaki ɗaya ya riƙe musu jari.

Abin da ba ya shiga faifan rabo

Yanzu a koma fada da wannan lissafi. Sarki ya rasu, rigunansa da dawakinsa da gonakinsa na kansa ana raba su kamar na kowa. Amma rawani ba ya cikin tarika. Fada da tambura da gandun sarauta na kujera ne, alƙali ba ya taɓa su. Masu zaɓen sarki su zauna, hukuma ta tabbatar, mutum ɗaya ya ɗauka gaba ɗaya. Ko an ɗauke rawanin shekaru masu yawa, kamar yadda aka yi a Gusau, yana nan ɗungurungum, ranar da zai komo cikakke yake komowa.

Sauran 'ya'yan fa? Nan ne idonmu yake ruɗinmu. M. G. Smith, wanda ya rubuta tarihin mulkin Zazzau a 1960, ya nuna yadda kusanci da sarauta ke raguwa daga ɗa zuwa jika, har wanda mahaifinsa bai hau ba ya zama da wuya masu zaɓe su waiwaye shi. Ɗaya ya zama sarki, 'yan kaɗan su sami hakimci ko dagaci, ragowar su gangara. Jikan sarki yana noma, tattaɓa-kunnen sarki yana ɗinki, abin da ya rage masa shi ne ya ce shi jinin gidan wane ne. Ashe gidan sarauta ma yana zubar da 'ya'yansa cikin talakawa, har ya fi gidan attajiri. Bambancin kawai shi ne idan mun dubi fada rawani muke kallo, shi kuwa ba ya raguwa. Idan mun dubi gidan attajiri dukiya muke kallo, ita kuwa ana kasa ta a kowace mutuwa.

To me ya sa attajiri ke ƙara aure?

Saura tambaya ɗaya. Attajirin nan ya san fiƙihu, ya halarci rabon gado ba sau ɗaya ba. Me ya sa yake ƙara mata da 'ya'ya alhali ya san abin da zai biyo baya?

Domin a wurinsa dukiya hanya ce, mutane ne masauki. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi tun ƙarshen shekarun 1970, ya fitar da littafinsa a 2014, ya ga cewa 'yan kasuwar karkara suna juya ribarsu zuwa ƙarin mata, aurar da 'ya'ya da ɗaukar nauyin yaran gida. A zamanin da ƙasa ke da yalwa, hannu ne ke ƙaranci, wannan dabara ce mai kyau. Ɗa namiji ƙarin fartanya ne a gandu, 'ya mace kuma surukuta ce da wani gida. Mai arzikin da bai tara jama'a ba, ba a kiransa babban mutum.

Al'adar aure ita ke buɗe masa wannan ƙofa, ita kuma ke ƙuntata ta ga talaka. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Amma al'ada ta ɗora kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, lefe da wurin zama a kan namiji, ta ɗora kayan ɗaki da gara a kan iyayen amarya. Ɗan attajiri ubansa ke yi masa auren fari da wuri. Ɗan talaka sai ya yi shekaru yana ci-rani yana tarawa. Tun da maza da mata kusan daidai ake haihuwarsu, matan da mai hali ke ƙarawa suna fitowa ne daga wannan tazara: 'yan mata na aure da ƙuruciya, samari na jinkiri, kowane sabon tashi ya fi na gabansa yawa, zawarawa kuma suna sake aure. Auren gata da gwamnatoci ke ɗaukar nauyi, a Kano tun 2012, a Zamfara ma an sha yi, shaida ce cewa tsadar ta fi ƙarfin mutane da yawa.

Akwai kuma alkiblar auren. Basarake ko attajiri ya auri 'yar talaka, ba mai cewa komai, 'ya'yanta kuma asalin ubansu za su bi. Talaka ya auri 'yar babban gida kuwa sai nadiran, kamar auren sadaka ga malami ko amintaccen yaron gida. Haka mata ke hawa sama ta hanyar aure, a haifi 'ya'ya da yawa a saman, gado kuma ya gangaro da su ƙasa.

Mai karatu zai iya kawo hujjar da ta yi kama da ta saɓa wa wannan. Binciken lafiya da yawan al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna macen da ke cikin rukunin mafi talauci tana haihuwar kimanin 6.7, ta rukunin mafi wadata kuwa 3.8. Amma wannan ƙidaya ta mace ce, ba ta namiji ba. Mai mata uku da kowace ta haifi biyar yana da 15, mai mace ɗaya da ta haifi bakwai yana da bakwai. Binciken ya kuma nuna cewa cikin yara 1,000, kimanin 173 ke mutuwa kafin shekara biyar a gidajen mafi talauci, 53 a gidajen mafi wadata. Talaka yana aure a makare, yana kuma binne 'ya'ya fiye da mai hali.

Hanyoyin mai da abin da ya watse

Kakanninmu sun ga wannan zubewa, sun kuma nemi toshe ta. Auren zumunci, tuwona maina, yana cikin dabarun: jikan nan mai eka biyu da rabi ya auri 'yar baffansa mai eka ɗaya da kwata, gonar ta sake haɗuwa a gida ɗaya. Karin maganar nan ta ƙwarya ta bi ƙwarya ita ma aikinta ke nan, ta tsare dukiya da sana'a a cikin rukuni, har ta kai wasu gidaje ba sa ba mahauci ko maroƙi 'yarsu, ko da yake Malikiyya addini da lafiya take dubawa a cancantar miji, ba sana'a ba. Gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba wata dabara ce, sai dai ba ta cika jure 'yan'ubanci ba. Ta ƙarshe ita ce mummuna: a danne rabon mata a gona, a ce yana hannun yayyensu, har su mutu ba su gani ba. Wannan cin haram ne, kuma bai taɓa hana gida watsewa ba, gaba kawai yake gadar wa jikoki.

A gwada amsar a wani wuri

Idan amsarmu daidai ce, ya kamata ta yi aiki a wajen Zamfara. A Ingila masu hali ma sun fi haihuwa: Gregory Clark ya bi takardun wasiyya na tsakanin 1585 da 1638, ya ga mafi arziki suna barin 'ya'ya rayayyu kusan ninki biyu na mafi talauci. Amma manyan gidajensu sun daɗe, saboda ɗan fari namiji ke ɗauke ƙasar duka, ƙannensa su nemi aikin soja ko na coci ko su fita ƙasashen waje. Wato sun mai da gona rawani. A Faransa dokar Napoleon ta 1804 ta tilasta raba gado tsakanin 'ya'ya, masana da dama kuma suna danganta ƙarancin haihuwar manomansu da tsoron kada gona ta farfashe.

Gwaji mafi kusa yana Kano. Alhassan Ɗantata, babban attajirin gyaɗa, ya rasu a 1955 ya bar 'ya'ya da yawa, an kuma raba gadonsa bisa shari'a. Amma ya bar kamfani mai rajista, ya kuma horar da 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu a kan ciniki tun yana raye. Gidan yana tsaye har yau, Aliko Ɗangote ma jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Hannun jari yana rabuwa, kamfani ya ci gaba da aiki.

Gwaji na ƙarshe yana Tsafe. An ci 'Yandoto ta ƙasar Tsafe da yaƙi fiye da shekara 200 da suka wuce, amma abin da aka san ta da shi har gobe shi ne malamanta. Gidan malamai da gidan maƙera da na wanzamai suna daɗewa ba tare da rawani ba, domin ilimi da sana'a kowane ɗa yana iya gadonsu cikakku, ko su talatin ne, ba tare da rabon ɗan'uwansa ya ragu ba.

Abin da ya bayyana

Gidan attajiri bai mutu ba. Dukiyarsa ta zama aure, aure ya zama 'ya'ya, gado ya bi kowane ɗa da rabonsa, har jininsa ya cika unguwanni. Hukuncin gado ya yi aikin da aka saukar da shi dominsa, ya hana dukiya taruwa a hannu ɗaya, ya ba marainiya da matar mamaci haƙƙinsu. Abin da ke daɗewa a tsaye iri biyu ne: wanda ba ya rabuwa, kamar rawani da kamfani da waƙafi, da wanda rabo ba ya rage shi, kamar ilimi da sana'a.

Zamanin da yawan hannu ke sayo arziki ya wuce. Ƙasa ta yi kaɗan, a sassan Tsafe da Bungudu ma akwai gonakin gado da rashin tsaro ya hana masu su taka su, wanda ya gudo Gusau da sana'a a hannu kuwa ya fi saurin farfaɗowa. Don haka mai hali ya rubuta dukiyarsa da bashinsa tun yana da lafiya, ya yi wa kasuwancinsa rajista, ya sa 'ya'yan kowane ɗaki a ciki. Wanda ke son wani abu ya tsaya bayansa ya nemi malamai da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha su nuna masa hanyar waƙafi ba tare da ya cuci magada ba. Malamai da sarakuna su rage wa samari nauyin lefe, alƙalai su tabbata rabon mata ya kai hannunsu. Kai kuma da Allah ya ba zuriya, kafin ka lissafa ekar da kowane ɗa zai samu, ka tabbata kowannensu, mace da namiji, ya yi karatu ya kuma iya sana'a.